Tasalla 'Yar Gyartai da Ƙwaryar Aljanun Sin

Masu labari sun ce a can ƙarshen ƙasar Sin, bayan duwatsun da gajimare ke kwana a kafaɗunsu, akwai wani birni na aljanu da idon mutum ba ya gani. Abin da suka fi ji da shi a birnin nan ba zinariya ba ce, ba kuwa alharini ba. Ƙwarya ce guda ɗaya, tsohuwa, wadda hannu ya goge har ta yi ja. Wani malami ɗan Adam, mutumin Sin na zamanin da, shi ya zauna cikinsu shekara arba'in yana koya musu yadda ake zama na kirki. Da zai mutu ya bar musu ƙwaryar shan ruwansa da al'ada guda: kowace shekara sarki ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi laifinsa na shekarar da bakinsa, sannan ya sha ruwa a ƙwaryar. Muddin ana yin haka, idanun ruwan birnin ba sa ƙafewa.

To, wata shekara sai ƙwarya ta tsage. Sarkin birnin, Gau Shan, ya aika guguwa gabas da yamma, ya ce a kwaso masa duk wani gyartai da ya yi suna wajen ɗinkin ƙwarya.

Ranar kasuwar Kwanar Tsamiya, rana tsaka, guguwa ta shigo ta rumfar masu ƙorai, ta sure Nomau gyartai da tabarmarsa, ta bar takalminsa ɗaya. 'Yarsa Tasalla na zaune gefe tana jiƙa masa zaren kaba. Ba ta da kowa sai shi, uwarta ta rasu tun tana goye, a gindin wannan tabarma ta girma har hannunta ya iya aikin. Ita dai ba mai magana ba ce, ko kuɗin ɗinki sai an tambaye ta sau biyu take ɗaga kai. Mutane suka taru suna ba ta haƙuri, suka ce wanda iska ta ɗauka sai dai addu'a. Ta ce addu'a kam za ta yi, amma ba a zaune ba.

Ta ɗauki basillarta da ƙunshin zare, ta tsare wurin kwana uku. A rana ta huɗu guguwa ta dawo neman wani gyartai. Tasalla ta yi bismillah ta jefa basilla tsakiyarta. Iska ta tsaya cak, sai ga wani dogon aljani mai siririn gemu har cibiya, basilla ta kafe bakin rigarsa a ƙasa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, cire ƙarfenki daga tufata. Ni manzo ne, manzo kuwa ba a tsare shi a hanya."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma 'ya ce, 'ya kuwa ba a ɗauke mata uba a bar ta da takalmi ɗaya. Kai ni inda ka kai shi."

Manzo ya gaya mata ubanta na da rai, amma ya gwada ɗinkin ya kasa. Hukuncin wanda ya kasa kuwa shi ne jikinsa ya riƙa zama tangaran, daga tafin ƙafa yana hawa, kullum da tsawon tafin hannu. Na ubanta ya kai gwiwa. Ran da ya kai wuya, shi ke nan. Ya ce zai kai ta iyakar ƙasarsu kawai, sauran hanya tata ce, in kuma ta kasa ɗinkin, ita ma tangaran za ta zama. Ta ce ta ji ta yarda. Ta zare basilla, iska ta naɗe ta.

Da ta buɗe ido sai ta gan ta a bakin wani kogi baƙi ƙirin, ruwansa tawada ne tsantsa. Babu gada, babu kwalekwale, sai wani tsohon kunkuru mai faɗin masussuka. Ya ce ta hau bayansa, amma ta sani duk wanda ya faɗi abin da ba haka ba a kansa, nauyi yake ƙarawa. Suka shiga kogi. Kunkuru ya tambaye ta ko tana jin tsoro, ta ce ko kaɗan. Nan take ya nutse da ita, tawada ta kamo mata idon sawu. Ta yi maza ta ce tsoro kam tana ji, tafiyar ce kawai ba za ta fasa ba. Ya taso. Ya tambaye ta karatu, ta ce allo kaɗan ta taɓa, ba ta yi nisa ba. Ya tambaye ta zurfin kogin, ta ce ba ta sani ba. Kunkuru ya yi dariya har tawada ta yi kumfa, ya ce manyan masana cike suke a ƙarƙashin kogin nan da hulunansu, duk a kan wannan tambaya suka tafi, don kunyar cewa ba su sani ba ta fi musu tsoron mutuwa.

A ƙetare ya nemi ladansa. Ya ce a ƙasarsu ladan fito shi ne a koya maka abin da ba ka sani ba. Tasalla ta rasa me za ta koya wa mai shekara dubu uku. Can ta tuna, ta nuna masa yadda ake ƙwanƙwasa duma a san ko ya nuna: ɗanye yana amsawa a daƙile, wanda ya ƙosa kuwa sai ka ji amonsa tas. Kunkuru ya sa ta maimaita sau biyu, ya sunkuyar da kai har ƙasa ya ce, "Na gode, malama." Kunya ta kama ta, ta wuce da sauri.

Daga nan sai matakala a jikin dutse, ba a hango ƙarshenta. Kwana uku tana hawa, sanyi na yankan fuska, fararen birai na jifanta da tsakuwa, abincinta wasu 'ya'yan itace ne masu gashi-gashi da ta tsinka a hanya. Kullum gari ya waye sai ta auna tafin hannu a jikinta, ta ga inda tangaran ya kai wa ubanta, sai ta ƙara sauri.

A ƙofar birni ta tarar da wani maciji mai ƙahoni da gemu, ya naɗe ganuwa da jikinsa. Ya ce, "Ya ke baƙuwa, dokar bana ita ce, mai shiga ta babbar ƙofa sai ya rantse cewa duk abin da sarki zai faɗa, haka yake."

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ban ji maganar ba tukuna. Ba na rantsuwa a kan ƙwaryar da ke rufe."

Maciji ya hura wani zafi ta hanci har gashin girarta ya ƙone. Ya ce wanda ya ƙi rantsuwa ba shi da ƙofa sai rariyar da ruwan shara ke fita. Ta ce rariya ma hanya ce. Ta tattare zani ta shiga da rarrafe. Ta same ta a bushe ƙamas, don ruwan birnin ya soma ƙafewa.

Ta ɓullo ta ƙarƙashin wani keji na ƙarfe da aka rataye a dandali. A ciki akwai wani tsohon aljani, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yana karanta rubutu a jikin wasu sanduna. Shi ne Dattijo Lin Bo, mai tsaron ƙwarya, wanda sarki ya ce daga hannunsa ta suɓuce ta faɗi, ya yanke masa hukuncin kisa. Tasalla ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko shi ya fasa. Ya ce ba shi ba ne. Ta tambaye shi wa ya fasa, ya ce ba ya ɗakin a lokacin, abin da idonsa bai gani ba kuwa bakinsa ba zai ɗauka ba, ko da hakan zai fitar da shi daga keji. Ta ce to karatun me yake yi, mutuwa na jiransa? Ya ce akwai layin da bai gane ba tun yana saurayi, yana so ya gane kafin a zo ɗaukarsa.

Sannan ya dube ta ya ce, "Malaminmu ya ce mana laifi kamar ƙaya ne a tafin ƙafa. Mai cirewa yana ɗingishin yini ɗaya, mai ɓoyewa cikin takalmi yana ɗingishi har kabari. Ya kuma ce sarki ya fara share ɗakinsa kafin ya aika a duba tsakar gidan talaka. Mun haddace duka. Haddar ce ta yi mana yawa, aikin ya yi kaɗan."

Ya gaya mata yau ce ranar shan ruwa, jama'a duk suna fada. Ta yi masa sallama ta nufi can.

Zauren fada ya fi kasuwar garinsu girma. Fadawa da malamai sun jeru sahu-sahu cikin rigunan alharini, kowa ya cusa hannuwansa cikin hannun riga, haka ladabinsu yake. A jikin bango kuwa ga masu ɗinkin ƙwarya na ƙasashe daban-daban, sun zama tangaran fari fat, kowa da basillarsa a hannu. Na ƙarshensu shi ne ubanta. Farin ya kai masa ƙirji, numfashi ma da ƙyar yake ja.

Da ya gan ta sai hawaye ya zubo masa. Ya ce, "'Yar nan, wa ya aike ki? Wa kika bar wa rumfa?"

Ta ce, "Baba, rumfa tana nan, ba ta da ƙafa."

Ya yi ƙasa da murya ya gaya mata yadda aka yi. Sarki ya ce ƙwarya faɗuwa ta yi, kuma yana so a gyara ta yadda ba mai ganin tabo. Shi kuwa tsoro ya sa bai ko duba da kyau ba, ya huda ta a gindi kamar yadda ake yi wa wadda ta faɗi, ya shafe tsagar da ƙaro da toka. Da aka zuba ruwa sai tsaga ta ƙara gudu. Ya ce shekara talatin yana aikin nan bai taɓa lulluɓe tsaga da ƙaro ba sai ranar, kunyar wannan ta fi masa tangaran ciwo.

Aka gaya wa sarki ga 'yar gyartai ta zo gwada ɗinkin. Aka buga wani faranti na tagulla, aka kawo ƙwarya a kan matashi. Sarki Gau Shan yana bisa karaga, tsawonsa ya yi na giginya, girarsa kamar fukafukan shaho. Ya ce, "Ya ke 'yar turɓaya, ga ƙwaryar malaminmu. Ta suɓuce daga hannun tsohon bawa ta faɗi. Ki mai da ita kamar ba ta taɓa tsagewa ba, in sake ku ke da ubanki."

Tasalla ta karɓa da hannu biyu. Da ƙwarya ta shiga hannunta sai ta ji kamar tana rumfa. Ta kankare ƙaron da farce, ta ɗaga ta wajen haske, ta bi tsagar da yatsa. Gyartai ba ya soma ɗinki sai ya san inda tsaga ta faro, don a can ake huda ramin farko a ɗaure ta. Ƙwaryar da ta faɗi daga gindi take tsagewa, tsagar ta hau sama. Wannan kuwa gindinta lafiya lau, in ban da hujin waɗanda suka gabace ta. A gefe tsagar ta faro, ta watsu kamar sawun kaza, a tsakiya kuma akwai gurbin sakaina ɗan mitsitsi, bai fi farcen yatsa ba, babu shi.

Ta ajiye basilla a ƙasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaryar nan ba ta faɗi ba. Naushinta aka yi."

Sarki ya ce ta sake dubawa. Ta ce ta duba. Ya ce ɗinki aka kira ta yi, ba shari'a ba. Ta ce ɗinkin ne ba ya yiwuwa, don akwai sakainar da ta ɓalle, in ba a mai da ita gurbinta ba, ko zaren duniya aka sa ruwa zai bi ta nan. Kuma ko an samo ta, ɗinki sai ya fito, don zaren da ke riƙe ƙwarya a waje yake kwana. Wanda ya ce zai gyara ba tabo, lulluɓewa zai yi.

Sarki ya ɗaga gira ɗaya. Tasalla ta ji sanyi ya kama yatsun ƙafarta, ta duba, sun yi fari. Ya ɗaga ɗayar, sai ta ji ubanta ya yi nishi, tangaran ya haye masa kafaɗa.

Nomau ya ce, "Tasalla, shafa masa ƙaron. Ni na riga na tafi, ke ki tsira."

Ba ta taɓa ƙin maganarsa ba tun da aka haife ta. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Ƙaro ba ya riƙe ruwa, kai ka koya mini." Ta juya wajen karaga. Sanyi ya kai mata ƙwauri, ba ta ko iya durƙusawa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kana da ikon ka jera mu a bango. In ka yi, ka ƙara tangaran biyu, ƙwaryarka kuma tana nan a tsage, rariyar garinka a bushe, ta ciki na shigo. Ni ban zo da suna ba, ban ga wanda ya yi ba. Abin da na sani shi ne, bakin sakaina kaifi gare shi, wanda ya naushi ƙwarya har ta ɓalle, a hannunsa take shigewa. Ba a share ta a ƙasa ba, tana jikin wani. A duba hannuwa."

Ba wanda ya motsa. Farin ya kai mata gwiwa. Can sai wani tsohon malami a sahun ƙarshe ya zare hannuwansa daga cikin riga, ya miƙa su, ya juya gaba da baya. Na kusa da shi ya yi haka. Sahu ya bi sahu, ƙarar alharini kawai kake ji. Fadawa suka nuna, masu gadi suka jingine makamansu suka nuna, har mai buga farantin tagulla. Sai ga zaure kowa hannunsa a waje, in ban da mutum ɗaya.

Sarki Gau Shan ya dubi jama'arsa, su kuwa ba su dube shi ba, kowa idonsa na ƙasa, hannuwa a miƙe. An daɗe a haka, har tangaran ya taɓa maƙogwaron Nomau. Sannan sarki ya sauko daga karaga. Ya zare hannun dama. Hannun ya kumbura suntum, ya yi baƙi, ga bakin sakaina a tsakanin yatsu.

Ya ce, "Ni na fasa. Na zauna ina neman laifin da zan faɗa bana, wanda ba zai zubar mini da girma ba, ƙwarya kuwa tana gabana kamar tana kallona. Na kai mata naushi. Na ɗora wa Lin Bo. Na mai da bayin Allah tangaran don kada a sani. Wannan shi ne laifina na bana." Ya miƙa wa Tasalla hannun. "Cire, ya ke mai basilla."

Aka miƙo mata basillarta, ta cire, ba ta yi masa a hankali ba, ba ta kuma ƙara masa ciwo da gangan ba. Ta wanke sakaina ta mai da ita gurbinta. A tsaye ta yi aikin, don ƙafafunta ba sa lanƙwasuwa. Ta huda ramin farko a inda tsagar ta faro, ta bi gefe da gefe, ta ja jiƙaƙƙen zare, ta toshe hujin gindi ɗaya bayan ɗaya. Ɗinki ya fito ɓaro-ɓaro a jikin jar ƙwarya, ko daga ƙofar zaure ana hango shi. Wani bafade ya ce ko a shafa masa ɗan jan launi, sarki ya ce a bar shi.

Aka fito da Dattijo Lin Bo, shi ya zuba ruwa da hannunsa. Zare ya sha ya kumbura ya kama. Ɗigo biyu suka fito, na uku ya tsaya a bakin ɗinki bai faɗo ba. Sarki ya ɗaga ya sha. Daga waje aka ji ruwa ya taso a magudanai, a jikin bango kuma fari ya soma sauka daga jikin mutane kamar an kware musu mayafi. Wasu suka faɗi, wasu suka fashe da kuka da harsunan da Tasalla ba ta taɓa ji ba. Ita dai ba ta tsaya kallo ba, ƙafarta na sakuwa ta ruga ta tare ubanta kafin ya kai ƙasa.

Sarki ya ce ta zauna a birnin, a ba ta riga da matsayi cikin malamai. Ta ce ta gode, ita karatunta bai kai nan ba, kuma akwai ƙoran mutane a rumfa da ba a gama ba. Abin da take so a mai da kowane gyartai garinsu, ita da ubanta kuma a fitar da su ta babbar ƙofa, ba tare da rantsuwa ba. Aka yi haka. Maciji ya janye jikinsa, suka wuce.

Suka fito bakin dutse inda guguwa ke jiransu. Ƙafafun Nomau ba su gama sakuwa ba, ya dafa kafaɗarta yana jan jiki. Tun daga fada tana jiran faɗan ƙin jin maganarsa da ta yi a gaban jama'a. Sai da suka kusa isa ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ɗinkinki na bakwai ya yi sako-sako. Ta nan ɗigon nan biyu suka fito."

Ta ce, "Na gani, Baba."

Ya ce, "To. In mun je gida kya sake gwadawa a gabana." Ya ƙara riƙe kafaɗarta, suka shiga iska.